Wata Goma Sha Ɗaya

Rohaya ta zazzage jakar ledar a kan teburin: takardar kora mai jan hatimi, katin shaida, da takardar rasuwar mijinta. Daga wurin da take sayar da nasi lemak, shinkafa mai madarar kwakwa, ta taho, hannunta bai rabu da ƙamshin kwakwa ba.

Letchumi, ma'aikaciyar ofishin gidajen gwamnati, ta duba kwamfuta.

"Mama, wata goma sha ɗaya ba a biya haya ba."

"Ina biya, 'yata. Ringgit ɗari da ashirin da huɗu, duk wata. Ɗana Azrul nake ba wa ya tura ta waya, ni ban iya ba."

Letchumi ta juyo mata da fuskar kwamfutar, ta bi layukan da biro. Tun bayan ƙaramar sallar bara ko sisi bai shigo ba.

Rohaya ta waiga. Ta gilashin ƙofa tana hango Azrul a kan benci, ƙato ɗan shekara talatin, hular kwano a cinya, kansa a ƙasa. Shi ya ɗauko ta a babur tun daga unguwar Sentul, tun safe kuma yake kauce wa idonta. Ita kuwa ta ɗauka tausayinta yake ji.

A bayanta cikin layi akwai Zaharah, maƙwabciyarta ta hawa na tara, wadda ta sha jin labarin kirkin Azrul daga bakin Rohaya. Ta yi kamar tana karanta sanarwar bango.

Letchumi ta rage murya. "In wani ne ya cinye kuɗin, ki kai ƙara wurin 'yan sanda, ki kawo mana takarda. Kwamitin ɗaukaka ƙara zai dakatar da korar. In kuma ke ce, sai ki rubuta roƙo, ki kawo rabin bashin cikin mako biyu. Ko a karɓa, ko a ƙi."

Rohaya ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Shekara goma sha tara tana cikin ɗakin hayarta, ko sau ɗaya ba a taɓa liƙa mata takarda a ƙofa ba sai wannan karon.

"Yanzu na tuna," ta ce. "Ban ba shi ba. Shinkafa ce ta yi tsada, na zuba a jari."

"Mama, kin tabbata?"

"Rubuta haka."

Letchumi ta rubuta, ta karanta mata a bayyane kamar yadda ƙa'ida ta ce: mai haya ta amsa cewa sakacinta ne. Zaharah ta ji kowace kalma. Rohaya ta sa hannu.

Da ta fito, Azrul ya miƙe.

"Inna, me suka ce?"

"Kai ni shagon jingina." Ta murza awarwaron zinarin da ke hannunta, ya ƙi wuce ƙashi sai da ta matse yatsu.

"Inna, ni ne na..."

"Ba a nan ba. Mutane na kallo."

Ya tayar da babur. Ta hau baya, ta kai hannu za ta dafa kafaɗarsa kamar yadda ta saba, sai ta fasa, ta riƙe ƙarfen da ke bayan kujera. Haka suka shiga cunkoson Kuala Lumpur.