Baba a Ƙarƙashin Zanin Gado

Ni ba ni da shago, ba ni da manyan fitilun nan masu kama da lema. Kyamara ce da ni, da farin zanin gado, da ɗan injin wanke hoto da ke shiga jaka. Gida-gida nake bi ina ɗaukar yara, kuma duk ɗakin da na shiga taga nake fara nema tun kafin a gama gaisawa. Wai ba ni da fara'a. To, hasken ne ba ya tsayawa jirana.

Yaron da ba ya yarda da baƙo, uwarsa nake zaunarwa a kujera, in lulluɓe ta da zanin daga kai har ƙafa, in ɗora mata shi a cinya. A hoto sai ka ga yaro zaune daram a kan farin yadi, ba mai cewa akwai mutum a ciki. Na sha jin tsakin iyaye mata daga ƙarƙashin zanin nan, don akwai zafi.

Wata rana wani direban babbar mota ya kira ni. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, taga ɗaya tilo, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

Na ce, "Malam, wannan taga ce ko ramin ɓera?"

Bai yi dariya ba. 'Yarsa, wadda yake kira Kurciya, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ta maƙale a ƙafarsa tana hararata.

"Ina mamanta? Ta zo ta zauna, rana na tafiya."

Ya ce, "Ta rasu."

Da ƙyar na yi masa gaisuwa. Sai a lokacin na lura da ƙaramin akwati a bakin ƙofa, an ɗora 'yan takalma a kai. Ya ce ƙanwar marigayiyar za ta zo yau ta tafi da yarinyar can nesa inda take aure. Shi kullum yana hanya, maƙwabciyar da ke riƙe masa ita kuma ta gaji. Hoto ɗaya yake so mai kyau, wanda zai liƙa a gaban mota, don na cikin wayarsa duk sun yi hazo. Kurciya ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Na ce, "To, kai za ka shiga zanin."

Ƙaton mutum, na lulluɓe shi ƙafafu suka leƙo, na ja ƙasa kai ya fito. Da ƙyar na daidaita shi. Ina ɗora masa Kurciya kuwa ta waiga hagu, ta waiga dama, ba Baba, ta fasa ihu. Tana kan cinyarsa amma nemansa take yi. Na kaɗa mukullai, na yi kukan mage, na yi na zakara, ni da furfurata, ni da ban taɓa goyon nawa ba. Ko a jikinta. Hasken kuma ya fara sauka daga bango, raina ya soma ɓaci.

Sai na ji murya ƙasa-ƙasa daga cikin zanin, yana yi mata 'yar waƙar rarrashi. Muryar ba daɗi, wallahi. Amma ta yi tsit, ta jingina da ƙirjinsa, ta saki jiki. Na danna.

Kafin in sauke kyamarar ta juya, ta damƙi zanin da hannu biyu ta fizge. Ga fuskarsa sharkaf da hawaye, ashe tun ɗazu kuka yake a ciki. Ita kuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama masa hanci. Yatsana ya sake dannawa ban yi shawara da shi ba.

Na wanke hotunan duka biyun a nan tsakar ɗaki. Ya daɗe yana kallon na biyun, sannan ya buɗe akwatin ya sa shi tsakanin rigunanta.

Na ce, "Haba Malam, ai wannan ne mai kyan! Kawo in sake wanke maka."

"A'a. In ina kallon wannan ba zan iya tuƙi ba." Ya ɗauki na farkon, yarinya ita kaɗai a kan farin yadi. "Wannan ya ishe ni. Ni na san ina ciki, ina riƙe da ita. Ita ce za ta manta."

Na naɗe zanina, wajen kai duk a jiƙe. Tausayinsa ya cika ni, na ɗauki jakata na fita. Ina saukowa daga bene na yi kiciɓis da wata mata tana hawowa, riƙe da sabon zanin goyo. Na matsa gefe ta wuce.