Ɗakin da Ba a Jin Ruwa

Ticha Solomon ya sake tafa hannu a tsakiyar ɗakin, ya karkata kai yana saurare kamar zakaran da ya ji motsin shaho.

"Da saura," in ji shi. "Maman Ann, miƙo mini damin can."

Martha, matarsa, tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta motsa ba. Damin da yake nufi shi ne na ƙarshe cikin ciyawar da ta yanko a dajin bayan Kakangi, ta yi ta jigilarta a kafaɗa har wurin ya yi kanta. Ciyawar jinkar rumbu ce. Gara ta cinye tsohuwar jinkar, an sauke ta, yayanta Andrawus ya ce zai zo ran Asabar ya ɗaura sabuwa. Yanzu rumbun yana can tsakar gida baki buɗe yana kallon sama, cike da dawar da za su ci har sabuwa ta nuna, ga kuma irin shukar bana a ciki.

"Baban Ann, da me za a rufe rumbun?"

"Aro na yi. Kafin Asabar na gama."

"Damina ta san da Asabar ɗin?"

Ya ratsa ta gefenta ya ɗauko damin da kansa, yana riƙe da shi nesa da farar rigarsa.

Ɗakin nan shi ne abin alfaharin Ticha. Bara ya gina shi, ɗan ƙarami, ya shafe cikinsa da siminti, ya rufa masa kwano, shi kaɗai a duk unguwar. Ƙusoshi ne dai ba su samu ba, sai aka danne kwanon da duwatsu, amma wannan bai hana shi tsayawa a gaban 'yan makaranta yana cewa rufin ciyawa na mutanen da ba su waye ba ne. Daga baya ya je Kaduna ya dawo da rikoda mai faifai biyu, baƙa, mai cin batir kamar ba gobe. Nufinsa ya ɗauki waƙoƙin mawaƙan coci ya aika gidan rediyo, a kira sunansa ranar Lahadi duk Arewa ta ji. Da aka yi gwajin farko aka kunna, sai muryoyin suka fito kamar kwaɗi a cikin rijiya. Siminti yana maido da magana, kwano yana ƙara mata gishiri.

To, sai ya karanta a wata mujallar Turanci cewa a ƙasar Turawa abu mai laushi ake liƙawa a bango don ya shanye amsa-kuwwa. Tun daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Tabarmi suka tafi bango. Buhunan gyaɗa suka bi su. Bargon yara, zanan bayan gida, har katifar rimi da suke kwana a kai, ya jingine ta a kusurwa, wai a can ne muryar maza take taruwa. Da ya zo kan rufi, ya jera gora daga bango zuwa bango a ƙarƙashin kwanon, ya shimfiɗa ciyawar Martha a kai, lodi kan lodi. Wato dai mutumin da ya waye ya gina bukka a cikin ɗakin siminti, ya kuma rufe ƙofa kada a gani.

Furera, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta kan katanga tana tsane hannu da zaninta.

"Maman Ann, sannu da aiki. Malam Ticha, an ce kana kiwon zomo a ɗaki?"

"Kimiyya ce, Furera. Ba za ki gane ba."

"Ai kuwa ban gane ba. Mu a gidanmu ciyawa waje take kwana."

Bayan an tashi daga makaranta mawaƙan suka iso, maza da mata, da ganga da gora mai tsakuwa. Beatrice, wadda take ba da waƙa, ta leƙa ciki ta ja da baya.

"Ticha, a nan za mu yi? Ina taga?"

"Na toshe. Taga ƙofar hayaniya ce. Ku shiga, ku cire takalma."

Suka shige ɗaya bayan ɗaya kamar awaki ranar kasuwa. Ya ja ƙofa, ya cusa tsumma a ƙarƙashinta.

Martha tana tankaɗe a gindin mangwaro lokacin da iskar ta juya. Ta ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin daga saman dajin, kaji sun fara shigewa ƙarƙashin rumbu. Ta ajiye rariya ta nufi ɗakin, ta buga ƙofa da tafin hannu. Waƙa take ji can ƙasa-ƙasa, kamar daga wani gari. Ta ɗauki muciya ta buga da ita.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Fuskar Ticha ta leƙo, gumi yana zuba daga haɓarsa, wani zafi mai warin buhu ya biyo bayansa.

"Kin ɓata mini waƙa guda! Kin san abin da faifan nan yake ci?"

"Hadari ya taso. Ba ni ciyawata."

Ya dubi sama da ido ɗaya. "Wannan na iska ne, ba na ruwa ba. Mun karanta irinsa."

"Baban Ann, abincin yaranka ne a buɗe."

"In ma ruwan ne, ai gara ya zo, in ga ko rufina zai kashe ƙarar kwano. Kada wanda ya ƙara taɓa mini ƙofar nan, ko gobara ce." Ya rufe. Ta ji yana mayar da tsumman.

Ta yi ta zagaya gidan tana neman abin rufi. Babu tabarma, babu buhu, babu ko tsohon zana. Kimiyya ta cinye su duka. Furera ta zagayo da gudu ɗauke da tabarmar kaba, suka jingina tsani, Martha ta hau ta shimfiɗa a bakin rumbun. Iska ta ɗauke ta kamar ganye ta kai ta gonar wani. Daga saman tsanin tana ganin kawunan dawar, jajaye, a jere yadda ta shirya su da hannunta. Ɗigo na farko ya faɗa a kansu. In ruwa ya shiga rumbu, ba a kwana da yawa dawa ta tsira ko ta yi funfuna, kowa ya san wannan, har wanda bai yi makaranta ba.

Can gefe kuma kwanon Ticha ya fara ƙara, tas, tas, tas.

"Oh ni Furera," in ji maƙwabciyar daga ƙasa tana riƙe da tsanin. "Dubi ikon Allah. Dawa a waje, ciyawa kuma an ba ta kwano kada ta jiƙe."

Martha ta juya ta dubi kwanon. Ta dubi duwatsun da ke kansa. Ta sauko a hankali.

"Kama tsanin nan mu matsa."

"Ina?" Furera ta bi idonta, ta dafe ƙirji. "Ke! Maman Ann! Zai kashe ki."

"Da me? Da mujalla?"

Suka jingina tsanin a bangon ɗakin. A ciki an sake ɗaukar waƙa, ganga tana tashi, maza suna amsawa da iyakar ƙarfinsu. Martha ta ɗaura zani ta hau. Ta turo duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta kama bakin kwanon ta ja. Ya yi wata ƙara mai tsawo, ta tsaya cak. Ba wanda ya fito. Iska dama tun ɗazu take kaɗa rufin, wa zai bambanta? Ta zuro shi ƙasa, Furera ta tare tana salati tana dariya. Ta zaro falle na biyu, shi ma ta zuro mata.

Falle biyu suka rufe bakin rumbun ruf. Suka ɗora duwatsu, suka ƙara da turmi. Ruwan ya kece a daidai lokacin, zaninsu ya manne a jiki. Martha ta sa hannu ta ƙarƙashin kwanon ta shafa dawar. Sama-sama ce kawai ta ɗan yi sanyi.

"Alhamdu lillahi, ya isa," in ji Furera. "Zo mu fake."

Martha ta dubi abin da ya rage a kan ɗakin, yana ta ruri a ƙarƙashin ruwa kamar ana dukan garwa.

"Akurkin kaji ma yana yoyo," ta ce.

Ta sake hawa. Da ta zare falle na ƙarshe, ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Ruwa yana sauka a kan ciyawar shiru, yana nutsewa. Waƙar ta tsaya a ƙasa. Ta ji muryar mijinta tana tasowa ta cikin ciyawar, tana rawa don murna.

"Ku tsaya! Ku saurara! Ana ruwa a waje ko ba a yi? Wa ya ji ƙarar kwano? Beatrice, kin ji wani abu?"

"Ban ji ba, Ticha."

"To! Ku je ku gaya wa masu dariya. Ko a Kaduna ba su da irin wannan ɗakin. Mu ɗauko daga farko, kowa ya buɗe murya."

Martha ta sauko. Suka kifa kwanon a kan akurki, suka shige madafa suna matse bakin zani. Furera ta leƙa ta dubi ciyawar da ke ta shan ruwa tana yin baƙi, tana lotsawa a tsakiya.

"Ba za ki gaya masa ba?"

"Ya ce ko gobara ce kada a taɓa masa ƙofa."

Ta ɗauki babbar tukunya ta fita, ta ajiye ta a gindin rumbu, inda ruwa yake gangarowa daga kwano, mai tsabta, ta tsaya tana jira ta cika.