Rabon Ɗan Adam a Bango

Duk wanda ya taɓa aski a layin kasuwa ya zauna ƙarƙashin aikin Baba Mai Kala, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya zana kawunan nan masu sheƙi a allon mai aski, shi ya zana kazar da ta fi ƙofar shagon mai kaji girma. Tun yana saurayi ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ya fi daraja a yi shi babba, a sa shi a tsakiya. Da aka kawo injin da ke buga hoto a leda, masu shaguna suka watse suka bar shi da gwangwanayen fenti suna bushewa. Wannan bai dame shi ba kamar yadda hannunsa na dama ya dame shi. Hannun ya fara rawa, ba sosai ba, amma ya isa ya karkata masa siririn layi. Bai gaya wa kowa ba, balle autarsa, don ya san ranar da ta gani za ta ƙwace tsani da burushi ta zaunar da shi a gida. Tsoron wannan ranar yake ji fiye da tsoron ciwon.

Ita Autar ce kuma ta samo masa aiki. Malamar ilimin halittu ce a wata makarantar sakandare, ta matsa wa shugabar makarantar har ta yarda a zana tarihin rayuwa a duniya a dogon bangon baranda, tun daga ƙofar ɗakin gwaje-gwaje har kwanar famfo, kafin ɗalibai su dawo daga hutu. Ta miƙa masa littafi mai hotuna, ta soma bayani.

"Ke Auta, ni za ki koya wa bango?" in ji shi. "Je ki yi harkarki."

Ta tafi gyaran takardun jarrabawa. Shi kuwa ya naɗe hannun riga ya yi abin da ya iya. A tsakiyar bango ya dasa wani ƙaton mutum, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, da matarsa da jariri. Giwa da zaki suka tsaya a gefensu da ladabi. Ƙaton ƙadangaren nan da littafin ya kira dainaso, ya maƙale shi can kusa da famfo, bai fi kare girma ba. Ya ji daɗin aikin ƙwarai, don babban burushi ba ya tona asirin hannu.

Da Auta ta dawo ta gani, sai ta dafe kai.

"Baba! Wane ne wannan?"

"Ɗan Adam mana. Ko akwai wanda ya fi shi?"

"Ai ba allon shago ba ne. Bangon nan lokaci ne. Zo ka gani."

Ta ɗauko igiyar awo da alli, ta ja shi zuwa ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Nan duniya ta fara, in ji ta, shekaru sama da biliyan huɗu da suka wuce, duwatsu na narkewa, babu mai numfashi. Suka ɗan taka gaba, ta yi alama da alli. Daga nan ne ake samun alamar rai a cikin ruwa, ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani.

"To, sai me?"

"Sai su."

Suka yi ta tafiya. Suka wuce ƙofar aji, suka wuce taga, suka wuce ƙaton mutumin da iyalinsa.

"Har yanzu su ne?"

"Su ne, Baba. Wasu daga cikinsu ma su suka cika sama da iskar da muke shaƙa."

"Wato in bi bangon mutane da ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda? Tunda nake ban taɓa zana abin da ba a gani ba."

Sai da suka kusa kwana sannan ta fara ba shi abin kirki: halittun teku masu laushi, kifaye, tsirrai a tudu. Dainaso ya samu wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. A can ƙarshe, dab da inda bango ya karya, ta ja wani ɗan layi mai kaurin tsinken ashana.

"Ga mu nan."

"Mu wa?"

"Mu duka. Kai da ni da kakanninmu da duk wanda aka taɓa haifa."

Ya dubi layin, gabansa ya faɗi. Ba ƙanƙantar ɗan Adam ce ta tsorata shi ba, wannan ya daɗe da saninta tun ranar da abokan cinikinsa suka koma wurin inji. Sirantar layin ce ta tsorata shi.

Washegari ya shafe ƙaton mutumin da farin fenti, yana ba shi haƙuri. Ya kama ɗigo yana mita, amma kafin azahar mitar ta ƙare. Ashe ɗigo aiki ne mai daɗi, hannu ya yi rawarsa yadda ya ga dama, ba mai cewa ƙwayar halitta ta karkace. Ya yi shuɗaye, ya yi koraye, ya haɗa wasu biyu-biyu kamar suna rabuwa, yadda ya gani a littafi. Mai sharar makarantar ta tsaya da tsintsiya ta tambaye shi ko fentin ne ya fantsama.

"Ki gaishe su da kyau," ya ce. "Sun riga kowa zuwa."

Da ya iso kan dainaso ya huce haushinsa. Tunda an hana shi faɗi, sai ya hau tsani ya miƙar da wuyan har silin, ya sa kan ya leƙo baranda. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan kam ba ta da ja.

Saura layi ɗaya. Nan Baba Mai Kala ya zama mai uzuri. Yau hasken bai yi ba. Gobe fentin ya yi ruwa. Jibi burushin ya baje, sai an nemo wani. Ana gobe za a koma makaranta, Auta ta zo da yamma da sabon burushi siriri a cikin ledarsa, ta tsaya a kansa.

"Ki ƙara mana ko faɗin tafin hannu ne," ya ce. "A sa mana fuska. Mutum guda ba ido ba hanci?"

"Ba ni na yi rabon ba, Baba."

"To je ki, zan ƙarasa."

"Ina nan. Wannan nake so in gani."

Ba yadda zai yi. Ya tsoma burushin a jan fenti, ya ɗaga. Bakin burushin ya kama kaɗawa a gaban alamar allin. Ya riƙe numfashi, abin ya ƙaru. Ɗigon ja ya faɗo a kan takalminsa. Kunya ta rufe shi, ya kasa juyowa.

Auta ta dubi ɗigon, ta dubi hannunsa.

"Tun yaushe?" ta ce a hankali.

"Tun kafin dainaso."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta matso ta kama wuyan hannunsa da hannayenta biyu. Hannunta da ɗumi, kuma da ƙarfi fiye da yadda ya zata.

"Kai ka ja, ni riƙewa kawai zan yi."

Suka sauko da layin tare, daga sama zuwa ƙasa. Ya fito siriri, ya ɗan karkace a wuri ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana a kan karkacewar, ta ce a bar shi haka.

Ya tsaya yana goge burushin da tsumma, yana jiran hukunci.

"Tsani dai ka gama hawa," ta ce. "Kuma gobe asibiti."

"Burushin fa?"

Ta karɓe shi daga hannunsa, ta duba bakinsa, ta mayar masa a aljihun riga.

"Bangon ɗakin gwaje-gwaje ma fari ne fat. Ina tashi aiki ƙarfe biyu, ka jira ni."

Ya sunkuya ya rufe gwangwanin jan fentin, ya daɗe yana danna murfin.