Numfashin Ladan Gali

Duk unguwar Sabo ba wanda bai san muryar Gali ba. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin da ke bayan layin masu goro, kuma in ya ja kiran sallah, har masu keke a bakin unguwar Mokola sukan jiyo shi.

Ranar da aka ba shi ladanci, Liman ya ja shi gefe ya ce, "Malam Gali, bakin da ke kiran sallah bai dace da warin taba ba."

Kunya ta kama Gali kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya watsar da sigari. Amma mai hali ba ya fasa halinsa, sati bai cika ba sai ga shi a wani shago a Mokola yana cinikin sigarin lantarki.

"Oga, ko si wahala, ba matsala, tururi ne kawai, ƙamshin mangwaro," in ji mai shagon. "In bai kama ka ba, ga maɓalli, ƙara masa wuta."

Gali kuwa ya ƙara, ya ƙara, har ya ƙure lambar wutar. Ƙauri yakan tsaya masa a maƙogwaro, kai ya yi ta sarawa, shi ko a jikinsa. Tunda ba mai kau da hanci a sahu, ai magana ta ƙare. Bawan Allah, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Shekara biyu ana haka, tari ya zama ɗan gida. Wata Laraba da azahar numfashinsa ya yanke a tsakiyar shahada, lasifika ta watsa tarinsa ga unguwa duka.

A asibiti likita ta juya na'urar sigarin a hannunta. "In ka ƙure wutar, ruwan da ke ciki ƙonewa yake yi, ya fitar da iska mai guba. Ita kake ta zuƙa. Ka daina yau. Ko huhun zai koma yadda yake, ban yi maka alkawari ba."

Bayan kwana uku Liman ya zo gida dubiya da kwalbar zuma. Suna zaune Rilwanu tela, wanda ya maye gurbin Gali, ya tada kiran la'asar da siririyar muryarsa. Baƙin ciki ya kama Gali.

Liman ya dafa kafaɗarsa. "Na faɗa wa jama'a, hidimar masallaci ce ta cinye maka ƙirji. Ladanka na wurin Allah."

Gali ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, tari ya riga shi. Liman ya ɗebo zuma ya miƙa masa, shi kuma ya karɓa.