Tsakanin Amsterdam da Auckland

Sa'ad da 'yarmu Marrit ta yi aure ta koma Auckland, mijina Douwe cewa ya yi ai ba komai, tunda akwai jirgi. Sau biyu muka je. Daga Amsterdam sai mutum ya yi kusan kwana guda cur a sama, ban da zaman jira a Singapore.

Shekarar da Marrit ta samu ciki bayan dogon jira, a cikinta ne likita ya ce zuciyar Douwe ba za ta ƙara ɗaukar doguwar tafiya ba. Marrit kuma ciki ya tsufa, an hana ta hawa jirgi.

"Ki tafi, Wietske," ya ce da ni wata safiya muna shan kofi. "Haihuwar fari ce, uwarta take so."

"In bar ka da wa? Kai da ko dankali ba ka iya dafawa."

"Ga ƙanwata Aukje. Girkinta bai kashe ni ba tun muna yara, ai zuciya ba ta isa ba."

Haka na tafi. Marrit ta haifi namiji. Da muka nuna wa Douwe shi a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kaico, yaron nan hancina ya ɗauko."

Ba a rufa sati biyu ba Aukje ta kira, ta ce an kwantar da Douwe a asibiti, in taho. Marrit ta kai ni filin jirgi da jinjiri a ƙirjinta. Ko sallamar kirki ba mu yi ba, kuka ya hana.

A jirgi na kasa cin komai. Na zuba wa allon gaban kujerata ido, ɗan hoton jirgi yana rarrafe a kan teku kamar ba ya motsi. Muna sauka Singapore na kira, Aukje ta kara masa wayar a kunne.

"Tsohuwa, kina ina?"

"Na kusa rabin hanya. Ka jira ni."

"Ina zan je? Sun ɓoye mini wando." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Sauran tafiyar ta fi awa goma sha biyu. Da na fito da akwatina a Amsterdam, sai na hango Aukje tsaye a bakin ƙofa, ita da ya kamata a ce tana gefen gadonsa. Nan na gane Douwe ya rasu. Ta karɓi akwatin, muka zauna a kan benci.

Marrit ba ta samu zuwa jana'iza ba, jikinta bai yi ƙwari ba. Ɗan Aukje ne ya riƙe mata waya a coci, tana kallo daga can, jinjirinta yana tsotso.