Ijabi a Takardar Rasha

Mirfat ta fizge takardar daga tagar ɗakin gwaji tun kafin ma'aikacin ya gama ninke ta. Turanci ne zalla, ko harafi ɗaya ba ta gane ba.

"Me ta ce, don girman Allah?"

"Ijabi," in ji shi, ko kai bai ɗago ba. "Na gaba!"

Ta matsa gefe da takardar. A Mansura, nan ƙasar Masar, ko jahili ya san kalmar nan ta Larabci: an nemi ciwo, an same shi. Da ita aka yi wa mahaifinta albishir da ciwon hantar da ya kai shi kabari.

Wata uku ke nan ɓargon 'yarta Rasha, mai shekara goma sha huɗu, ya daina yin jini. Dasashi na zubar da jini, jiki duk tabo, ƙarin jini kowane mako. Likita ta ce ɗayan biyu ne: ko garkuwar jikin yarinyar ce ta juya wa ɓargon, ko kuma gado ne. Mijin Mirfat kuwa ɗan baffanta ne. In gado ne, ciwon na iya zama kwance a jikin Hala, autarta mai shekara shida. Wannan tsoron ne ya hana ta cin abinci.

Ta zube kan benci kusa da wata tsohuwa mai cin ƙosan ta'amiyya a cikin gurasa.

"Ijabi na ji ya ce?" Tsohuwar ta girgiza kai. "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar nan. Maigidan naki na gida ne, ko?"

"Ɗan baffana ne, Hajiya."

"To kin ji. Ni ma 'ya'ya biyu na binne. Ungo, ci loma."

Da ƙyar ta hau bene. Ofishin Dakta Nihal yana manne da ɗakin da Rasha take kwance. Likitar ta duba takardar, sai ga murmushi. Mirfat ta ji kamar ta mare ta.

"Dariya kike, Likita? Ijabi fa aka ce!"

"Zauna, Maman Rasha, kafin ki faɗo mini a tebur. Abin da muka nema a jininta su ne ƙwayoyin kariyar da suka rikice suna yaƙar ɓargonta. Su aka samu. Alama ce, ba hukunci ba, akwai sauran gwaji. Amma ta fi karkata ga cewa jikinta ne ke faɗa da kansa."

"Ba daga gare mu ba ne? Ba jininmu ba?"

"Da alama a'a."

"Hala fa?"

"Hankalina ya fi kwanciya a kanta yau."

Mirfat ba ta san lokacin da guɗa ta kuɓuce mata ba, irin ta ranar biki, har ma'aikatan jinya suka leƙo. Ta ruga ɗakin da ke gefe tana share hawaye da gefen mayafi.

Rasha ta yunƙura ta tashi zaune, leɓunanta sun yi fari fat, robar jini na rataye a kanta. Rabon da a ga haske haka a idonta tun kafin a kwantar da ita.

"Mama, guɗarki na ji," ta ce. "Na warke ne?"

Mirfat ta tsaya a bakin ƙofa, takardar a hannunta. Sai a lokacin ta tuna ba ta tambayi likita komai game da Rasha ba.