Ɗorawar Kuchibwa

Takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, haka Treasure ta faɗo gida tana haki, har ta kusa kifar da tukunyar da ke kan murhu.

"Kaka! Na ga Kuchibwa! Na ga ɗorawarki!"

Kaka Laraba tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗago idanunta da yanar tsufa ta fara rufewa, ta ce, "Ke dai ba kya shigowa gida kamar mutane. Ina kika ga Kuchibwa, garin da aka rushe tun ubanki bai san uwarki ba?"

Yarinyar ta zube a gabanta ta shiga zuba. An kawo wa makarantarsu ta gefen Karshi wani sabon allo mai haske kamar talabijin, faɗinsa ya kai ƙofar ɗaki, kuma yana jin taɓawar yatsa. Malama Hafsah, mai koya wa 'yan aji biyar darasin zamantakewa, ta buɗe musu taswirar Abuja yadda take daga sama, ta ce kowa ya zo ya nemo asalinsa. Da layi ya zo kan Treasure, sai ta tarar da jajayen rufi jere reras a inda Kuchibwa take a da. Malama ta kama yatsanta ta ja shi hagu a ƙasan allon, shekaru suka riƙa komawa baya. Rufin suka ɓace, katanga ta ɓace, sai ga bukkoki da rumbuna, ga wata babbar bishiya.

"Ita kaɗai a bakin rafi?" in ji Kaka.

"Ita kaɗai, Kaka."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin gyaɗa. A gindin bishiyar nan aka binne mijinta. Sau biyu tana shiga mota ta je, sau biyu masu gadi suna tare ta a get, wai gida mai lamba nawa ta zo. Ga shi likita ya gaya wa ɗanta cewa da wuya idon ya kai ƙarshen damina yana gani.

"Malama ta ce ki zo ranar Juma'a ki gani, ki ba ajinmu labarin garin."

"Ni? Me zan faɗa wa 'yan boko?"

Ta dai faɗa ne kawai. Kafin la'asar ta sa jikarta ta kife tire a ƙasa, yarinyar tana koya mata yadda ake jan yatsa. Treasure tana dariya tana cewa, "Ba da ƙarfi ba, Kaka, ai ba doya kike tona ba."

* * *

Ranar Alhamis manyan baƙi suka zo ƙaddamar da allon. An share fili, an shafa wa duwatsu da bangon aji farar ƙasa, an jera yara a rana suna waƙa. Wani mai babbar riga ya yanke zare, ya taɓa allon da ɗan yatsa a hankali kamar mai gwada zafin shayi, aka yi tafi, masu hoto suka yi ta kai da kawo.

Malama Hafsah ba ta damu da hoton ba. Shekara goma sha ɗaya tana zana taswira da alli, yara suna haddace sunayen koguna ba su san ina suka dosa ba. Amma a kwana huɗun nan har Sale, wanda ba ya buɗe baki a aji, ya nemo kasuwar Mararaba da kansa, ya nuna inda babansa yake sayar da rake. Ta koma gida ranta fes.

* * *

Da hantsin Juma'a Kaka ta iso cikin zanenta na zuwa coci, da ƙwarya a kafaɗa irin ta matan Gbagyi, doya uku a ciki don Malama. Treasure tana riƙe da hannunta, tana tafe tana fankama.

Suka shiga ajin. A jikin bango babu komai sai ramuka huɗu da wata waya tana reto. Malama Hafsah tana tsaye, idanunta sun yi ja. A gefenta shugaban makarantar, Mista Alexander, yana murza hannu.

"Mama, sorry. Oda ce daga sama. Allon guda ɗaya ne, kuma makarantu goma sha biyu za a yi wa commissioning da shi, irin bikin jiya. Tun da safe suka zo da mota suka kwance."

"Yaushe za su dawo da shi?" Treasure ta tambaya.

Ya dubi takalminsa.

Malama ta yi maza ta ciro wayarta ta nemo wurin, ta miƙa. "Kaka, gwada wannan." Kaka ta kai wayar har kan hancinta. Ɗorawar ba ta kai ƙwayar gero ba, haske kawai take gani. Ta mayar mata, ta shafa kumatunta. "Kada ki yi kuka, 'yata. Ga doyarki."

Sai ta juya wajen jikarta. "Nuna mini inda allon yake."

Treasure ta kai ta gaban bangon. Tsohuwar ta ɗora yatsa tsakanin ramukan, ta fara magana, yara suka matso. Nan rafi, nan maƙera, nan inda ake raba sabuwar doya, nan ɗorawa. Sale ya tambaye ta ko akwai kifi a rafin, ta ce har da na sata, ajin ya fashe da dariya.

Da ta gama, ta sauke yatsanta ƙasa, ta ja shi hagu a hankali, daidai yadda aka koya mata a bayan tire. Ta jira. Ta sake ja.

"Ko ban iya ba ne, Treasure?"

"Kin iya, Kaka."

Ta ɗaga yatsan ta kawo shi kusa da idonta. Farar ƙasar jiya ce kawai a jiki.